Yawon ƙafa cikin tsohon garin Ƙurɗuba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da na dawo daga Sifaniya 'yan fadarmu ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba, kowa ya zo tambayarshi guda ce, ka shiga filin Real Madrid? ka ga 'yan Barsa? Ni kuwa ba can anka tura mu ba. Horon da munka je yi na harkar noman rani ne, a kudancin ƙasar, yankin Andalus, cikin garin da su suke kira Kordoba, malamanmu na zaure kuma sunka san shi da Ƙurɗuba. Daga Madrid jirgin ƙasa mai gudun nan bai cika awa biyu ba ya sauke mu. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta abinda na gani, duk wanda ya tambaya sai in tura mashi, don labarin ya fi ƙarfin zama guda.

Abu na farko dai, tsohon garin nan ba a ganin shi cikin mota. Akwai kar mai buɗaɗɗen sama da ke zagayawa da baƙi, akwai keken doki, amma duk gefe-gefe suke bi, cikin garin sai da ƙafa, don akwai lungun da in ka miƙa hannuwanka biyu za ka taɓa bangon dama da na hagu lokaci guda, akwai ma wanda mai jiki sai ya karkace kafin ya wuce. Wanda ya yi mani jagora wani dattijo ne mutumin Tasawa da ya daɗe ƙwarai a can yana aikin gonakin zaitun, ni Baba nake ce mashi. Da ya ga na fiddo waya ina neman taswira sai ya ce, "Ɗana maida abin nan aljihu. In ka ɓata ka ɗaga kai ka nemi hasumiya, tana nan ba ta zuwa ko'ina." Haka kuwa munka yi, kuma da zan ba wani shawara ita zan ba shi.

Ta Ƙofar Almodobar munka shiga, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwa da sunka rage. Amma kafin mu shiga Baba ya ja ni munka bi gindin ganuwar munka gangara, akwai kwatamai na ruwa jere da juna, ruwan na zuba daga wannan zuwa wancan, can ƙasa sai ga mutum-mutumin wani malami zaune da rawani, littafi bisa gwiwarshi. Ibnu Rushdi ne. A garin nan anka haife shi cikin 1126, ya yi alƙalanci, ya yi likitanci, ya rasu a Marakish cikin 1198. Turawa sun san shi ne don sharhin da ya yi wa littattafan Aristotal, mu kuwa nan duk ɗalibin fiƙihu da ya yi nisa ya san Bidayatul Mujtahid. Na daɗe tsaye wurin. Masu yawon buɗe ido na zuwa su ɗau hoto su wuce, ni kuwa tunanin zauren mahaifina nake yi.

Mahaifina, Allah ya jiƙan shi, yana da karatun Muwaɗɗa Malik da yake yi da abokanshi bayan la'asar a unguwar Limanci nan garinmu Maradi, mu yara muna kai masu ruwa muna jin ana ta maimaita Yahaya daga Malik, Yahaya daga Malik. To Yahayan nan, Yahaya bin Yahaya Allaisi, mutumin Ƙurɗuba ne. Daga nan ya tashi ya tahi har Madina ya zauna gaban Imamu Malik, kuma malamai na ba da labarin ranar da anka shigo da giwa Madina, ɗalibai duk sunka watse kallo shi ya zauna, da Malik ya tambaye shi mi ya hana shi fita tunda babu giwa a ƙasarsu, ya nuna cewa shi ilimi ya kawo shi ba kallon giwa ba, daga nan Malik ya kira shi mai hankalin Andalus. Ya koma gida ya karantar har ya rasu cikin 848, kuma ruwayarshi ce ta fi yaɗuwa, ita ake karantawa a zaurukanmu daga Maradi har Katsina har Kano. Haka Alƙurɗubi mai tafsiri da muke ji a bakin malamai duk azumi, ɗan garin nan ne, ya bar shi ya koma Masar can ya rasu cikin 1273. Shi ya sa wallahi tun ranar farko ban ji ni baƙo ba ne sosai, garin da kake jin sunan mutanenshi tun kana ƙarami ba ya zama maka baƙon gari.

Da munka shiga cikin lungunan abin da ya fara kama ni shi ne sanyi. Kada ku ɗauka Turai duk sanyi ce hwa. Ƙurɗuba na cikin garuruwa mafi zafi a Turai gaba ɗaya, cikin watan Yuli da Agusta ma'auni na wuce 40, a 2017 ma ya kai kusan 47, wato zafin bazararmu ba ragi. Ni farkon watan Mayu na je, rana ta riga ta fara cizo, in kana bisa babbar hanya ta sabon gari inda kwalta ke da faɗi za ka ji ta a tsakar ka, amma kana sa ƙafa cikin tsohon gari sai ka ji kamar an rage wuta. Dalili a fili yake. Hanyar matsattsiya ce, gidajen hawa biyu ne, don haka rana ba ta samun sauka ƙasa sai ɗan lokaci kaɗan da tsakar rana, sauran yini duk inuwa. Bangayen masu kauri ne kuma an shafe su da farar ƙasa fat, tana maida hasken. Tagogin da ke kallon hanya ƙanana ne. Lungun kuma ba ya miƙewa, sai ya karkata ya sake karkata, iska mai zafi ba ta samun gudu ciki. Ƙasan ma ba siminti ba ne, tsakuwar gulbi ce baƙa da fara anka jera a tsaye ɗaya bayan ɗaya har da zane-zane, in an yayyafa mata ruwa da safe tana riƙe danshi. Waɗanda sunka gina wurin nan sun san rana, sun zauna da ita, kuma ba su da fanka ba su da kilim. Sai dai tsakuwar nan tana cin tafin ƙafa, wanda zai je ya nemi takalmi mai kaurin ƙasa, silifa ba za ta kai shi yamma ba.

Unguwar da munka fara ratsawa ita ce tsohuwar unguwar Yahudawa. Akwai ɗan ƙaramin ɗakin ibadarsu da anka gina cikin 1315, ɗaki guda ne tak amma bangon duk sassaƙa, kusa da shi kuma akwai mutum-mutumin Musa bin Maimun, likita kuma babban malaminsu wanda shi ma haifaffen garin ne ya ƙare a Masar. Cikin 1492 anka kori Yahudawa daga ƙasar baki ɗaya. Ba mu daɗe ba nan, cunkoso ya yi yawa.

Kana cikin tahiya lungu-lungu ba ka ankara ba sai ka fito ka yi karo da wani dogon bango mai ruwan ƙasa-ƙasa, da manyan ƙofofi masu ado, ka duba dama bai ƙare ba ka duba hagu bai ƙare ba. Babban masallacin ke nan, su Meskita suke ce mashi har yau. Abdurrahman na ɗaya, ɗan gidan sarautar Umayyawa da ya tsira ya gudo daga Sham, shi ya fara ginin wajen 785, waɗanda sunka gaje shi kowa ya zo sai ya ƙara, Abdurrahman na biyu ya ƙara, na uku wanda ya ɗau sunan halifa cikin 929 ya gina hasumiya, ɗanshi Alhakam na biyu ya ƙara tsawo ya yi mihirabi, daga ƙarshe waziri Almansur ya faɗaɗa shi ta gabas wajen 987. Kusan shekara ɗari biyu ana gini. Filin da ya ci ya fi hekta biyu.

Farfajiyar ba a biyan kuɗi, kowa na shiga. Itatuwan lemu ne jere sahu-sahu da 'yan dabino, nan ne da can ake alwala. Ni da yake aikina ruwa ne, sauran mutane na kallon sama ni ina kallon ƙasa. Kowace itaciya an yi mata zagayayyen gurbi a gindi, kuma daga gurbi zuwa gurbi akwai siririyar hanyar ruwa da anka gina cikin daɓen, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, an karkata ta kaɗan yadda in an saki ruwa daga sama zai bi ya cika gurbin farko ya wuce na biyu har ƙarshen sahu, ba tiyo ba inji ba mai ɗauka da bokiti. Na tsuguna na sa yatsa ciki na bi ta da ido. Baba na dariya ya ce, "Kai da anka kawo ka ga masallaci ka tsaya ga lambatu." Na ce Baba ai wannan ma karatu ne, masu garka a Jiratawa nan kusa da Maradi da sun ga wannan sai sun fi ni daɗewa.

Shiga ciki kuwa da tike ne, lokacin da na je yuro 13, wajen jika takwas da rabi ke nan na kuɗinmu, amma da sassafe akwai ɗan lokacin da ake barin mutane su shiga kyauta kafin a fara sayar da tike. Ina shiga sai da na tsaya idona ya saba da duhun. Ginshiƙai sun fi ɗari takwas, na marmara da na wasu duwatsu, da yawansu ma daga tsofaffin gine-ginen Rumawa anka kwaso su shi ya sa ba su zama iri ɗaya ba, wani fari wani ja-ja wani toka-toka. Da yake gajeru ne, magina sai sunka yi dabara, sunka ɗora bakan gizo biyu, ɗaya bisa ɗaya, don rufin ya yi sama, kuma kowane baka an jera shi da jan bulo da farin dutse, ja fari ja fari. Wanda ya taɓa shiga cikin goribar Gulbin Kaba ya ga yadda kowace ke rabuwa biyu a sama, ka duba ko'ina kututture ne har iyakar ganinka, to ya kusa gane abinda nake nufi. Babu inda za ka ce nan ne tsakiya. An gina shi ne don sahu, talaka da basarake kowa ƙarƙashin baka iri guda.

Mihirabin shi ne inda mutane ke taruwa. Ba ɗan lotsawa ba ne cikin bango irin namu, ɗan ɗaki ne sosai, bakinshi kuma an lulluɓe shi da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya da shuɗi da kore, ayoyi rubuce da rubutun Kufi suna zagaye. Daga Kustantiniyya sarkin Rumawa ya aiko wa Alhakam da gwanin wannan aiki da kayan, Kirista ya aiko wa Musulmi don a ƙawata masallaci. An sa shinge, daga nesa kaɗan kake kallo, amma na iya karanta wasu kalmomin, kuma jikina ya yi sanyi. Wani abu da na lura, alƙiblarshi kudu take kallo sosai, ba gabas da ɗan karkata kudu ba inda Makka take daga can.

To sai zancen da ba shi da daɗi amma dole a faɗe shi. Cikin 1236 sarki Fernando na uku ya ci garin da yaƙi, anka maida masallacin coci, kuma har yau coci ne. Cikin 1523 anka fasa tsakiyarshi anka tada wata doguwar majami'a a ciki, kana cikin tahiya tsakanin ginshiƙai cikin duhu-duhu kwatsam sai ka fito wuri mai tsawo da haske da gumaka da zinariya. Hasumiyar Abdurrahman ma tana nan amma an gine ta cikin hasumiyar ƙararrawa. Musulmi ba a yarda ya yi salla ciki ba, ko raka'a biyu, doka ce kuma akwai masu gadi. Baba ya gaya mani tun a waje don kada abin ya zo mani ba shiri. Ba zan ɓoye maku ba zuciyata ta yi nauyi, ka ga mihirabi gabanka ka ga inda dubban mutane sunka yi sujada shekara ɗari huɗu da wani abu, kai kuma hannunka a aljihu. Amma gaskiya guda ce, ita ma sai a faɗe ta, da ba su ci gaba da amfani da ginin ba da wataƙila babu shi yau. A Ishbiliya, wadda suke kira Sebiya, rushe babban masallacin anka yi, hasumiya da farfajiya kawai sunka rage. Nan kuwa an bar mafi yawanshi tsaye, ana gyara ana kashe mashi kuɗi, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tun 1984, cikin 1994 ta haɗa da tsohon garin. Duka biyun na riƙe su a raina, baƙin cikin da godiyar, ban ga dalilin jefar da ɗaya ba.

Salla kuwa mun yi ta a wani ɗan ƙaramin masallaci mai ƙubba da ke cikin lambun Kolon, tahiyar ƙafa ce kaɗan daga tsohon gari, yawancin masu zuwa 'yan Maroko ne da 'yan Senegal da 'yan Pakistan. Ku sani kuma a wannan lokaci na shekara magariba sai bayan ƙarfe tara na dare, yinin dogo ne ƙwarai.

A bakin masallacin akwai mata masu miƙo maka wani ɗan ganye mai ƙamshi, in ka karɓa sai su kama hannunka wai za su duba maka, daga nan sai kuɗi. Ka ce masu na gode ka wuce abinka.

Daga arewacin masallacin akwai wani ɗan lungu da kowa ke zuwa ɗaukar hoto, lungun furanni, tukwane shuɗɗa rataye ga bango dama da hagu, in ka kai ƙarshe ka juyo sai ka ga hasumiya ta cika tsakanin gidajen daidai. Yana da kyau ba laifi. Amma ni abinda ya tsaida ni a unguwar shagon dukawa ne. Garin nan ya yi suna da aikin fata tun zamanin Musulmi, iri biyu suke yi, akwai ta akuya da ake jemewa ta yi laushi da ƙarfi, akwai ta tunkiya da ake shafa wa azurfa siririya a yi mata zane a bi da launi, a rataya ga bango ko a rufe akwati da ita. Na samu wani tsoho zaune bakin teburi da 'yan ƙarafunanshi jere, kowane da irin bakinshi, ya ɗora ƙarfe bisa fata ya buga da ɗan guduma, tak, ya matsa kaɗan, tak, ko kallon hannunshi ba ya yi. Kawuna fatu yake saye yana sayarwa, na tashi cikin warin jima da bagaruwa, don haka da na ɗauki fata guda na murza na shinshina sai tsohon ya ɗago ya dube ni, ya gane na san abin. Da 'yar Faransancin da yake ji da taimakon Baba na gaya mashi cewa garinmu akwai jar akuya wadda fatarta ta yi suna a duniya, na nuna mashi hotonta a waya. Ya daɗe yana kallo. Abinda ya dame ni shi ne kuɗin da na gani rubuce jikin wata 'yar jaka, kuɗin ya sayi akuya sukutum a kasuwar dabbobi har da canji. Mu muna da akuyar, muna da majema, muna da dukawan da hannunsu bai gaza na tsohon nan ba, amma yawancin fatunmu ɗanyu suke fita ko rabin jima, ribar can take tsayawa inda anka ƙarasa aikin. Shi kuma shagonshi na bisa hanyar da dubban baƙi ke bi da ƙafa kullum, tsohon garin ne ke kawo mashi kasuwa har ƙofa.

Wajen ƙarfe biyu zuwa biyar gari na mutuwa, shaguna da yawa a rufe, kowa ya shige gida, wannan kam ba sai an yi mana bayani ba. Lokacin munka ci abinci. Akwai wani abu da suke kira salmoreho, tumatir ne da burodi da man zaitun da tafarnuwa ake niƙawa ya yi kauri a sha shi da sanyi, cikin zafin nan yana shiga jiki sosai, amma ku kula, a al'adarsu suna barbaɗa dafaffen ƙwai da naman alade a sama, dole ka faɗa tun wuri a bar maka ƙwan kawai. Akwai kuma soyayyen gauta, irin dogon baƙin nan, da ake zuba wa zumar rake. Shi na fi so. Ruwan sha ba matsala, akwai famfuna a dandali da yawa, ka riƙe buteli kana cikawa.

Da yamma ta yi munka nufi unguwar San Basiliyo, kuma nan ne na ga abinda ya fi tsaya mani a rai bayan masallacin. Na yi sa'a zuwana ya dace da bikin tsakar gida da suke yi farkon watan Mayu, gasa ce da ta fi shekara ɗari ana yi, UNESCO ma ta amince da ita cikin 2012. Mutane na buɗe gidajensu na kwana, ba gidan tarihi ba, kowa ya shigo kyauta ya ga tsakar gidansu. Daga waje gidan ba komai, farin bango da ƙofa. Ka shiga sai ɗan soro mai duhu da sanyi inda baƙo ke tsayawa, sannan ƙofar ƙarfe, sannan tsakar gida, ɗakuna na zagaye da ita kowane ƙofarshi na kallon ciki, rijiya a gefe ko a tsakiya, itacen lemu ko inabi ya yi rumfa. Ku gaya mani wane Bahaushe ne bai san wannan tsari ba. Bambancin kawai furanni, tukwane ɗari-ɗari rataye tun daga ƙasa har kusa da rufi. A wani gida na tarar da wata tsohuwa tana ban ruwa, da doguwar gora a hannunta an ɗaure gwangwani a bakinta, ta tsoma cikin bokiti ta ɗaga sama ta karkata a hankali cikin tukunya, ta sauke ta sake tsomawa, tukunya ɗaya bayan ɗaya. Da Baba ya tambaye ta ta ce kullum sai ta yi awanni tana yi. Wasu gidajen iyalai da yawa ne ke zaune ciki, gidan haya na talakawa, tsakar gidan ta kowa ce, kuma danshin tukwanen da na daɓen shi ke sanyaya ɗakunan da dare.

Daga nan munka gangara gulbi. Gwadalkibir sunanshi, kuma gadar da ke kanshi tun zamanin Rumawa take, kafin haihuwar Annabi Isa, an sha gyara ta dai, bakunanta 16, yanzu mota ba ta hawa sai masu ƙafa. Gefenta akwai wata babbar ƙafar katako mai juyawa wadda da can ke ɗebo ruwa daga gulbi ta kai lambunan fada. Tsakiyar ruwan tsibirai ne da itatuwa, ga balbelu fari fat suna dawowa kwana. In ka ƙetare zuwa hasumiyar Kalahora ka juyo, nan ne za ka ga garin gaba ɗaya, masallacin kwance da faɗi, majami'ar ta fito daga tsakiyarshi. Akwai kuma kangon birnin Madinatuz Zahra da Abdurrahman na uku ya gina, amma wannan kilomita takwas ne daga gari, sai da kar, kuma labarinshi daban ne, birnin bai cika shekara ɗari ba anka wargaza shi cikin yaƙin basasa tsakanin Musulmin da kansu.

Tun da na dawo nake kallon Maradi da wani ido. Mu ma hwa muna da tsohon gari. Katsinawan da sunka baro gida bayan jihadi can ƙasa cikin fadamar gulbi sunka kafa shi, da ganuwarshi da lungunanshi, sai ambaliyar 1945 ta cinye shi, anka hau da mutane tudu, Turawan mulki sunka ja layi sunka yanka kare-kare, hanyoyi miƙaƙƙu masu faɗi. Sunayen unguwanni sun hawo tare da mutane, Bagalam, Mokoyo, 'Yandaka, Ɗan Gulbi, Maradawa, Limanci, amma ginin ya tahi da ruwa. Wannan ƙaddara ce ba laifin kowa ba. Wanda ke hannunmu shi ne abinda muke yi yanzu. Mutum ya samu kuɗi sai ya rushe soron kakanshi mai kaurin bango, ya sa bulon siminti siriri ya rufa da tol, ya sare bedin ƙofar gida don ya fidda shago, ya shafe tsakar gida da siminti ko ya cike ta da ɗakunan haya, sannan watan Afrilu ya zo wuta ta ɗauke, duk gida a kwashe tabarmi a fito titi. Ban ce kowa ya koma ginin laka ba, na san wahalar yaɓe duk shekara, na san abinda damina ke yi wa katanga, mu ma namu gidan na siminti ne. Amma kaurin bango da inuwa da itace a tsakar gida da farar ƙasa ba kayan Turawa ba ne, ba kuma kayan masu kuɗi ba ne, kakanninmu sun san su sarai. Can na tarar an riƙe su ana alfahari da su har ana biyan kuɗin jirgi a zo kallo. Ko nan ƙasarmu ai ga Birnin Damagaram, ga tsohon garin Agadas da UNESCO ta sa cikin jerinta a 2013, mu nawa ne cikinmu munka taɓa sauka daga mota munka taka su da ƙafa?

Ni dai na sayo tukwane shidda wurin masu ginin tukwane, uwargida ta shuka na'ana'a da lalle da ɗoɗɗoya, mun dasa lemun tsami a tsakar gida na yi mashi gurbi da 'yar hanyar ruwa daga wurin alwala. Kuma akwai wata tsohuwa a Bagalam, ƙawar kakata ce, tana yarinya lokacin da ruwan ya ci gari, har yanzu hankalinta garau. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci in Allah ya kai mu zan tahi in gaishe ta, in roƙe ta ta kwatanta mani yadda tsohon garin yake, ina ƙofofi, ina kasuwa, ina marina, in ɗauka a waya. Wanda ke da tsoho irin wannan a gidansu, ko tsohon hoto, don Allah ya yi mani magana mu haɗa.